Kafin Ƙudiri Ya Zama Doka a Najeriya: Ina Jama'a Suke da Ta Cewa?

A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Dokoki ta Tarayya ƙudirori huɗu na gyaran haraji, kuma bai rattaba musu hannu ba sai ranar 26 ga Yunin 2025. A cikin waɗannan watanni takwas an sha muhawara. Gwamnonin Arewa sun ƙi amincewa da tsarin rabon harajin VAT, wato harajin da ake ɗora wa kayan saye da ayyuka, da aka zo da shi, malamai sun yi magana a kan mumbari, 'yan ƙwadago da malaman jami'a sun kai ƙorafinsu gaban kwamitocin majalisa. Da aka ƙare, abin da ya fito ya sha bamban da abin da ya shiga. An bar VAT a kashi 7.5 cikin 100 maimakon ƙarin da aka nema, an sauya ma'aunin rabonsa tsakanin jihohi, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da aka so a janye wa kuɗi ya tsira. Duk wannan ya yiwu ne saboda an yi maganar tun ƙudirin yana hannun majalisa. Yawancinmu kuwa sai doka ta fara aiki muke sanin da ita, mu zo muna ihu bayan hari.

Tushen aikin yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 58 ya ce ƙudiri yana iya farawa daga Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ko Majalisar Wakilai mai kujeru 360, amma tilas ne dukansu biyu su amince da shi, kuma su amince da rubutu iri ɗaya, kafin a kai wa shugaban ƙasa. Idan abin da sanatoci suka zartar ya saɓa da na wakilai, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita su. Ƙudiri yana iya fitowa daga ɓangaren zartarwa, yana iya fitowa daga ɗan majalisa. Talaka ko ƙungiya ba su da ikon shigar da shi da kansu, sai sun sami ɗan majalisar da zai ɗauki nauyinsa.

Karatu uku da ake yawan ji a labarai ba a kundin suke ba. Sashe na 60 ya bai wa kowace majalisa ikon tsara yadda za ta gudanar da aikinta, daga nan ne dokokin zaman majalisa suka kawo su. Karatu na farko sanarwa ce kawai: akawun majalisa ya karanta sunan ƙudirin, babu muhawara. A karatu na biyu ake tafka mahawara a kan manufarsa gaba ɗaya, wato ko ƙasa tana bukatar irin wannan doka ko ba ta bukata. Idan ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa. Bayan kwamiti ya kawo rahoto, ɗaukacin majalisa takan bi shi sashe bayan sashe, sannan a yi karatu na uku a zartar.

A wajen kwamiti ne ƙofa take buɗe wa wanda ba ɗan majalisa ba. Kwamiti yakan sanar da ranar sauraron ra'ayoyin jama'a, ya nemi duk mai magana ya aiko da ita a rubuce. Ma'aikatu sukan zo, lauyoyi su zo, ƙungiyoyin sana'a da na addini su zo, kuma mutum guda ma yana iya aikawa da takardarsa. A nan ake iya cewa sashe kaza zai cutar da masu kaza, a gyara shi haka. Wanda yake ganin zaman banza ne ya tuna da ƙudirin da Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo a 2019 domin hukunta masu yaɗa ƙarya a intanet. Ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma a zaman sauraron jama'a na watan Maris 2020 mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ƙi shi, kuma har wa'adin waccan majalisa ya ƙare bai zama doka ba.

Sai dai dole a faɗi gaskiya game da raunin wannan ƙofa, domin abin yana damuna ƙwarai. Sashe na 14 ya ce za a tabbatar da shigar jama'a cikin harkokin gwamnatinsu, amma babu inda kundin ya wajabta a saurari jama'a a kan kowane ƙudiri, ko ya ƙayyade kwanakin da za a ba su su karanta shi. Majalisa tana iya jingine dokokin zamanta ta yi gaggawa. A watan Mayun 2024 an gabatar da ƙudirin dawo da tsohon taken ƙasa, majalisun biyu suka zartar, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 29 ga watan, duka cikin kusan mako guda. Ko kana son tsohon taken ko ba ka so, mako guda bai isa mutane fiye da miliyan 200 su ji, su tattauna, su mayar da martani ba. Kwamiti kuma ba ya ɗaure da abin da aka faɗa masa. Yana iya sauraron mutum ɗari ya ɗauki shawarar uku. Shi kansa ba shi da ikon yanke hukuncin ƙarshe, domin sashe na 62 ya hana majalisa miƙa wa kwamiti ikon zartar da doka.

Akwai kuma batun harshe da nisa. Galibin zaman a Abuja ake yi, da Turanci, kuma ƙudirorin da Turancin lauyoyi ake rubuta su. Sashe na 55 ya ba da damar gudanar da aikin majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Sama da shekaru 25 ke nan ana jiran wannan tanadi, alhali manomi da mai sana'ar hannu da ba su je boko ba su ne dokar za ta fara hawa kansu.

Wani lissafi da ya kamata kowa ya sani shi ne na yawan masu zama. Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa ya isa a yi zama, wato sanatoci 37 ko wakilai 120, sashe na 56 kuma ya ce rinjayen waɗanda suka halarta suka kaɗa ƙuri'a shi ke yanke magana. Ke nan sanatoci 19 suna iya zartar da ƙudirin da zai shafi kowa. Mafi yawan lokuta ma da murya ake ƙuri'ar, ba ka sanin wakilinka ya ce e ko a'a. Shi ya sa tambayarsa ko ya halarci zaman, da ɓangaren da ya tsaya, haƙƙinka ne.

Idan ƙudiri ya isa teburin shugaban ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisun biyu suna iya sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku kowace, ya zama doka ba tare da hannunsa ba. An yi haka a shekarar 2000 da dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta a zamanin Obasanjo. Amma sau da yawa majalisa takan gyara abin da shugaban ya yi ƙorafi a kai ne, kamar yadda ta yi bayan Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudirin dokar zaɓe a Disambar 2021 saboda tilasta zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe. An gyara, ya sa hannu a Fabrairun 2022. A jihohi ma haka tsarin yake ƙarƙashin sashe na 100, tsakanin gwamna da majalisar jiha.

Ga mai son a ji muryarsa, takarda mai amfani gajeriya ce. Ka nemi ainihin rubutun ƙudirin, kada ka dogara da abin da ake yaɗawa a WhatsApp. Ka ambaci lambar sashen da ya dame ka, ka faɗi wa zai cutar da kuma ta yaya, sannan ka rubuta kalmomin da kake so a musanya da su. Ka aika wa akawun kwamitin kafin ranar da aka sanya, ka ba ofishin wakilin mazaɓarka kwafi. Idan wata hukuma ta riƙe bayanan da kake bukata don kafa hujja, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar nema a rubuce, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa.