Man giya a motocin tsere masu giyar hannu

Man giya shi ne man da ake zubawa a giyabos da kuma difaransha, wato tukunyar haƙoran da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi biyu, wadda kanikawa suka fi kira bak-aksul idan tana baya. Ya bambanta da baƙin man inji a sinadarai da kuma aiki, kuma ana gane yawancinsa da warin farar wuta da ke tashi da zarar an buɗe gorarsa. A motocin tsere da masu kama da su, inda ake taka totur da ƙarfi kuma ake sauya giya cikin sauri, zaɓen man yana da wahala saboda dalili guda: giyabos da difaransha ba abu ɗaya suke nema daga mai ba, a wani fannin ma abin da ke gyara ɗaya shi ke ɓata ɗayan.

Abin da giyabos ke nema

A cikin giyabos na hannu akwai wasu zobba da ake kira sinkiro, waɗanda aikinsu shi ne daidaita gudun haƙora biyu kafin su haɗu. Idan direba ya taka kuloci ya tura sandar giya, zoben yana matse wani ƙarfe mai siffar mazurari, gogayyar da ke tsakaninsu ta rage gudun ɗaya ko ta ƙara shi, sannan giya ta shiga babu ƙara. Kamfanin Cadillac ne ya fara sa wannan tsari a motocin sayarwa a 1928, bisa ƙirar injiniya Earl A. Thompson, Porsche kuma ya fito da nasa salon zoben a motar 356 a 1952.

Zoben sinkiro kamar ƙaramin burki yake, don haka yana buƙatar gogayya. Man da santsinsa ya yi yawa yana hana shi kamawa, sai direba ya ji giya tana gurzawa, musamman daga ta ɗaya zuwa ta biyu. Yawancin zobban da tagulla ake yin su, ko da yake akwai waɗanda ake lulluɓewa da molibdenam ko zaren kabon, kuma tagulla ba ta shiri da wasu sinadaran da ake sa wa man difaransha.

Abin da difaransha ke nema

A motar da tayoyin baya ke ja, farfela, wato doguwar sandar da ke ƙarƙashin mota, tana kawo juyi daga giyabos, sai ƙaramin haƙori ya juya babban faifai mai haƙora, ƙarfin ya karkata zuwa tayoyi. Kusan duk irin waɗannan motoci a yau suna amfani da haƙoran da ake kira haifoid, waɗanda kamfanin Gleason na birnin Rochester a Amurka ya ƙirƙiro, Packard kuma ya fara sa su a mota a 1926. A wannan ƙira ƙaramin haƙorin yana zaune ƙasa da tsakiyar babban faifan. Hakan ya ba da damar sauke farfela ƙasa, motar ta yi kwance, ƙara kuma ta ragu. Amma haƙoran ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, suna goga suna zamewa a ƙarƙashin matsi mai tsanani, har shimfiɗar man da ke tsakaninsu ta yage, ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Maganin wannan shi ne sinadaran jure matsi, waɗanda galibi haɗin farar wuta ne da fosfaras. Ba sa aiki sai wuri ya yi zafi. A daidai inda haƙora suka matsu zafi ya tashi, sai su haɗu da fuskar ƙarfen su yi wata siririyar fata, ita ce ke goguwa ta tafi a maimakon haƙorin, wata kuma ta sake fitowa. A kan ƙarfe mai tauri wannan kariya ce. A kan tagulla mai laushi kuwa, farar wutar da ba a daidaita ta ba tana cin zoben a hankali, abin da ya fi tsanani idan man ya yi zafi sosai. Tsofaffin kanikawan da suka yi aiki a kan Peugeot 404 sun san makamancin wannan, domin bak-aksul ɗinta na da haƙori mai siffar sukuru da kuma faifan tagulla, kuma man da ba nata ba yana lalata shi.

Lambobin GL

Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ita ta rarraba man giya da lambobin GL bisa irin aikin da zai iya ɗauka. GL-2 da GL-3 da GL-6 an daina aiki da su a hukumance, ko da yake ana ganin GL-3 a wasu litattafan motoci. Biyun da ake cin karo da su a kanti su ne GL-4 da GL-5. GL-4 yana da matsakaicin adadin sinadaran jure matsi, kuma shi ne aka saba sa wa giyabos mai sinkiro. GL-5 yana ɗauke da kusan ninki biyu na waɗannan sinadarai, an yi shi ne domin haƙoran haifoid masu shan gudu da fizga. Akwai kuma MT-1, na giyabos marasa sinkiro a manyan motoci da bas-bas, wanda bai shafi motar tsere ba.

Kuskuren da ya fi yawa a shagunan mai shi ne ɗaukar lambobin kamar matakan daraja, a ce biyar ta fi huɗu. Ba haka tsarin yake ba, kowace lamba aikinta daban. Man GL-5 na zamani an rage masa cin tagulla ƙwarai idan aka kwatanta da na da, kuma ana gwada hakan ta hanyar tsoma sillen jan ƙarfe a man mai zafi a ga yadda launinsa zai sauya. Sai dai matsalar santsi tana nan, shi ya sa giyabos da aka ƙera domin GL-4 kan yi taurin kai idan aka cika shi da GL-5 na difaransha. Akasin haka ya fi muni: GL-4 a cikin difaranshar da ke neman GL-5 yana barin haƙora su kwarzane, ta fara kuka, kuma kukan da ya fara ba ya dainawa da juyen mai. Akwai man da aka rubuta wa GL-4/GL-5 tare, wanda aka haɗa domin ya yi wa ɓangarorin biyu aiki.

Kauri

Lambobi irin su 75W-90 daga ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE suke, a ƙarƙashin ƙa'idar J306. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke kwarara a sanyi, ta biyun kuma kaurinsa a zafin digiri 100. Ma'aunin ba ɗaya ba ne da na baƙin mai. Man giya mai lamba 90 kaurinsa ya yi kusa da na baƙin mai mai lamba 40 ko 50, don haka girman lambar ba ya nufin ya ninka shi kauri.

An gwada 75W a digiri 40 ƙasa da sifili, 80W a 26 ƙasa da sifili, 85W kuma a 12 ƙasa da sifili. Babu wani gari a Najeriya da sanyinsa ya kai ko kusa da haka, wannan ya sa mutane da yawa ke ganin lambar farko ba ta da wani amfani a nan. A Jos maganar ba ta tsaya nan ba. Garin yana bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10. A wannan yanayi 85W-140 ya yi kauri kamar zuma, zoben sinkiro sai ya sha wahala kafin ya kore man daga fuskar mazurarin, giya ta biyu ta ƙi shiga har sai an yi tafiyar wasu mintuna. Motar da ba ta taɓa nuna wannan hali a zafin Abuja ba tana iya nuna shi a safiyar farko da ta kwana a Jos. Ita kuma hanyar da ke tsakanin garuruwan biyu tana da nata gwajin, domin doguwar hawa irin ta Hawan Kibo tana ɗora wa difaransha nauyi na tsawon lokaci, man ya yi zafi ya tsinke. A nan ne man haɗi na sintetik ya fi wanda aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai: ba ya daskarewa sosai da safe, ba ya tsinkewa sosai da rana, kuma zafi ba ya saurin lalata shi.

Wasu kanikawa kan zuba mai kauri domin rufe kukan tsohon bak-aksul. Kukan yana raguwa, gaskiya ne, amma cinyewar haƙori ko boris tana nan yadda take. Inda 75W-140 ke da hujja shi ne difaranshar da ake azabtarwa, kamar ta motocin BMW da matasa ke wasan juya taya da su, ko wadda masana'anta da kanta ta rubuta mata shi.

Difaransha mai taƙaita zamewa

Motocin tsere da yawa suna da difaranshar da ke hana taya ɗaya juyawa a banza idan ta rasa riƙo, wadda ake taƙaita sunanta da LSD. Nau'in da ke da faya-fayan kuloci a ciki yana buƙatar wani ƙarin sinadari mai sassauta gogayya. Idan babu shi, faya-fayan suna kamawa suna saki, a ji bayan mota yana kakkarwa yana ƙwanƙwasa a kwana mai tsauri, kamar lokacin juyawa a cikin gida. Ana sayar da man da aka riga aka haɗa da shi, mai alamar LS, ana kuma sayar da sinadarin a ƙaramar kwalba. Idan ya yi yawa, difaranshar ta rasa riƙon da aka saye ta dominsa. Nau'in Torsen, wanda haƙora zalla ne, galibi GL-5 na yau da kullum ya ishe shi. Shi wannan sinadari ba a son sa a giyabos ko kaɗan, domin gogayyar da yake ragewa ita ce sinkiro ke aiki da ita.

Bambancin motoci

Mazda MX-5 misali ce ta tsarin da aka saba: GL-4 mai kaurin 75W-90 a giyabos, GL-5 a difaransha. Honda S2000 tana amfani da man giyabos na Honda, wanda ya fi wannan tsinkewa, da GL-5 mai lamba 90 a difaransha. Nissan 350Z tana neman GL-4 mai kaurin 75W-85 a giyabos. Giyabos na Tremec T-56 da ke cikin tsofaffin Chevrolet Corvette da Camaro, duk da na hannu ne, man giyar otomatik na Dexron III aka rubuta masa, kuma wanda ya ga jan mai a ciki ya ɗauka kuskure ne ya sauya da 90 zai taurara giyarsa. A Porsche 911 da Subaru masu giyar hannu, haƙoran haifoid suna cikin tukunya ɗaya da sinkiro, mai ɗaya suke sha, kuma GL-5 masana'antun suka zaɓa suka ƙera zobban su jure shi. Tsohuwar Mini ta Ingila ma baƙin man inji ne ke wanke giyarta.

Saboda wannan bambanci, littafin motar ko takardar da aka manna a jikin giyabos, kamar yadda BMW ke yi, sun fi duk wata ƙa'ida ta gama-gari. Tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje sukan zo babu littafi, wasu ma an riga an sauya musu giyabos ko bak-aksul da na wata mota. A irin wannan hali lambar da ke jikin kayan ake bi, ba sunan motar ba.

Juye da lura

Wasu masana'antu sun ba da tazarar kilomita domin juye, wasu sun ce man na tsawon rayuwar motar ne, amma motar da ake tsere da ita ko wasan taya tana buƙatar juye da wuri. Giyabos kan ci lita biyu ko kusa da haka, difaransha kuma kusan lita ɗaya. Ana kwance notin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa na ƙasa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi kwantuwa. Mota tana tsaye daidai a kan rami ake cikawa, har man ya kai bakin hudar. Notin ƙasa yakan zo da mayen ƙarfe: laushin gari baƙi a jikinsa ba abin damuwa ba ne, ɓarɓashi mai kaifi alamar haƙori ko boris ne, ƙyalli mai ruwan zinariya a cikin man kuma tagullar sinkiro ce. Man da ya koma fari-fari kamar kunu ruwa ya shige shi, abin da kan faru a daminar Jos idan difaransha mai zafi ta nutse a kududdufi ta zuƙi ruwa ta hudar numfashinta.

A wurare irin su Farin Gada da Dilimi a Jos, inda kanikawa da masu kayan gyara suka taru, ana samun man giya a rufaffiyar gora ana kuma samun na awo daga durom. Na awo ba shi da wata alama da ke nuna ko GL-4 ne ko GL-5, kuma ido ba ya rarrabe su. SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, tana cikin masu alhakin kula da ingancin irin waɗannan mayuka a Najeriya, mai saye kuma abin da yake iya dubawa da kansa shi ne hatimin murfi, lambar GL, lambar kauri da alamar LS idan motarsa na buƙatarta.