Kallon Dabbobin Teku a Jirgin Ruwa

Kallon dabbobin teku wani nau'in yawon buɗe ido ne da ake ɗaukar mutane a jirgin ruwa su je su ga dolfin da wel a mazauninsu, su kuma ɗauke su hoto. A baka ana ce musu kifaye, amma ba kifaye ba ne. Haihuwa suke yi, suna shayar da 'ya'yansu nono, kuma dole su taso saman ruwa su shaƙi iska ta ƙofar hancin da ke bisa kansu. Wannan tasowar ita ce jarin sana'ar gaba ɗaya.

Kano ba ta da teku, ruwan da Bakano ya fi sabawa da shi bai wuce irin su dam ɗin Tiga ba. Dabbar ruwa mai shayarwa da Bahaushe ya sani tun da can ita ce ayu, na kogin Binuwai da Kwara. Duk da haka wel ba baƙo ba ne ga masu harkar turare, domin anbar na asali, wanda aka daɗe ana sa wa turare mai tsada don ƙamshinsa ya jima, a cikin hanjin wani wel mai ƙaton kai yake samuwa. Mafi girma a dangin shi ne shuɗin wel, tsawonsa kan kai mita 30, kuma ba a san dabbar da ta fi shi nauyi ba.

A Kaliforniya ta Amurka harkar ta fara. A 1950 aka ware wurin kallo daga tudu a San Diyego, a 1955 kuma aka soma fita da mutane a jirgi kan dala ɗaya. Bayan hukumar duniya mai kula da farautar wel ta dakatar da farautarsa don kasuwanci daga 1986, garuruwa da dama na bakin teku suka gane cewa dabbar ta fi riba da ranta. Rahoton IFAW, wata ƙungiyar duniya mai kare dabbobi, ya nuna mutum miliyan 13 ne suka je kallon a ƙasashe da yankuna 119 cikin 2008.

A Afirka garin Hermanus na Afirka ta Kudu ne ya yi suna, har yana da sankira mai busa ƙaho ya sanar da inda aka hango wel. Kusa da gida kuwa, wel mai doro kan zo Mashigin Gini, ruwan Gabon da Benin da Togo, daga wajen Yuli zuwa Oktoba don haihuwa, wato daidai lokacin daminarmu.

Ɗaukar hoton aiki ne na mai haƙuri. Mai hoton biki a Kano yakan ce wa amarya ta gyara tsayuwa, dolfin kuwa ba ya jiran kowa. Jirgi na tangaɗi, jiri na ɗibar mutum, feshin ruwan gishiri na cin kyamara, shi ya sa ake saita ta ta ɗauka cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko fiye da haka sauri. Hoton da ya fi daraja shi ne na ƙarƙashin wutsiyar wel mai doro yayin da zai nutse, saboda zanenta ya bambanta kamar zanen yatsa. Da irinsa masana ke gane dabba guda bayan shekaru a wani teku daban, kuma shafin Happywhale na karɓar hotunan 'yan yawon buɗe ido don wannan aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne cunkoson jirage. Da sauti waɗannan dabbobi ke neman abinci da kiran juna, ƙarar inji kuwa na dagula musu hakan, wani lokaci farfela ta yanke su. A Hawai da Alaska doka ta hana kusantar wel mai doro ƙasa da yadi 100. Matuƙin kirki yakan rage gudu ya bi ta gefe, ba ya tare gaba, ba ya kuma shiga tsakanin uwa da ɗanta.