Rashin daidaiton iko a haɗin gwiwar sabunta ayyukan gwamnati

Rashin daidaiton iko matsala ce da ke tasowa idan hukuma ta zauna da kamfanoni, ƙungiyoyin sa kai da talakawa don samo sabbin hanyoyin gudanar da ayyuka irin su lafiya, ilimi da tsaro. Kowa na da kujera a zaman, amma doka da kuɗi da bayanai suna hannun hukuma.

Tarihi

A 1962 wasu masana biyu 'yan Amurka, Peter Bachrach da Morton Baratz, suka nuna cewa iko bai tsaya ga wanda ya yi rinjaye a muhawara ba. Wanda ya hana a tayar da wata magana tun farko, shi ma iko ya nuna, kuma nasa ya fi wuyar ganewa. A 1969 Sherry Arnstein, wadda ta yi nazarin shirye-shiryen sabunta birane da yaƙi da talauci a Amurka, ta kasa shigar jama'a cikin yanke shawara mataki takwas kamar tsani. Biyun ƙasa ba shiga ba ce sam. Ukun tsakiya, wato sanarwa, tuntuɓa da lallashi, jeka-na-yi-ka ne: a saurari mutane, a yi abin da aka ga dama. Ukun sama kaɗai ke da rabon iko na gaske.

Wajajen shekarun 1970 Elinor Ostrom da abokan aikinta a Jami'ar Indiana, daga binciken aikin 'yan sanda, suka kafa hujjar cewa aikin gwamnati ba ya yiwuwa sai da hannun masu amfana da shi. A 1989 birnin Porto Alegre na Brazil ya fara bai wa mazauna unguwanni damar tsara wani kaso na kasafin kuɗi, tare da fifita unguwannin da suka fi rashin kayan more rayuwa. Masana Chris Ansell da Alison Gash sun duba misalai 137 na irin wannan haɗin gwiwa a 2008, suka gano cewa inda tazarar iko ta yi yawa, masu ƙarfi kan juya zaman yadda suke so, raunana kuma su ja da baya.

Hanyoyin magancewa

Akan naɗa mai shiga tsakani wanda ba ya ɓangaren kowa, a biya mahalarta kuɗin mota da na lokacinsu, a rubuta tun farko wanda ke da yanke hukuncin ƙarshe. Wasu ƙasashe na zaɓen mahalarta ta hanyar canki-canka, wato bisa sa'a. Majalisar 'yan ƙasa ta Ireland a 2016, wadda ta ba da shawara ce ba ta dokoki ba, ta ƙunshi mutum 99 da aka zaɓa haka.

Suka

Wasu masana, ciki har da Bill Cooke da Uma Kothari a 2001, na ganin irin wannan zama kan halasta shawarar da aka riga aka yanke ne. Wasu ba su yarda ba.