Riƙon Addini da Ra'ayin Nasara a Amurka da Sauran Ƙasashe

A cikin ƙasashe masu arziki, Amurka ta fita daban ta fuska biyu: mutanenta sun fi takwarorinsu riƙo da addini, kuma sun fi su yarda cewa nasarar mutum a hannunsa take. Masana zamantakewa sun daɗe suna nazarin wannan, domin abin da aka saba gani shi ne, gwargwadon yadda ƙasa ta ƙara arziki, gwargwadon yadda jama'arta ke sakaci da ibada.

Addini

Cibiyar bincike ta Pew da ke birnin Washington ta yi tambayoyi a ƙasashe da dama tsakanin 2011 da 2013. Kashi 54 cikin 100 na Amurkawa suka ce addini yana da matuƙar muhimmanci a rayuwarsu. A Kanada kashi 24 ne suka faɗi haka, a Jamus da Ostareliya kuma kashi 21. A 2018 cibiyar ta kwatanta ƙasashe 102, ta tarar Amurka ce kaɗai ta haɗa arziki sama da matsakaici da yawan addu'a sama da matsakaici: kashi 55 na baligan mutanenta suna addu'a kullum, alhali a Birtaniya kashi 6 ne kawai. Sai dai fifikon nan a tsakanin ƙasashe masu kuɗi ne. A wannan rahoton, Najeriya tana da kashi 95.

Dalilin da aka fi ambata shi ne tsarin mulkin Amurka. Gyaran farko da aka yi masa a 1791 ya hana gwamnatin tarayya kafa addinin ƙasa. A Ingila sarki ne shugaban cocin ƙasa, a Jamus kuwa hukuma ce ke karɓa wa manyan coci-coci haraji daga mabiyansu. Cocin Amurka ba ta da wannan gata, dole ta fita neman jama'a da kanta. Shi ya sa za ka ga ta buɗe wurin renon yara, tana rabon abinci ga mabuƙata, fasto kuma na tsaye a bakin ƙofa ranar Lahadi yana gaisawa da kowa, yana tambayar sunan baƙo. Tun a ziyararsa ta 1831, Bafaranshe Alexis de Tocqueville ya lura cewa raba coci da gwamnati ƙarfi ya ƙara wa addini a can. Wasu masanan, irin su Pippa Norris da Ronald Inglehart, sun fi danganta abin da rashin tabbas: inda ciwo ko rasa aiki kan iya tsiyata mutum, mutane sun fi komawa ga Allah.

Sai dai riƙon addini ya sassauta a Amurka. Kiristoci sun ragu daga kashi 78 a 2007 zuwa 63 a 2021, waɗanda ba su danganta kansu da kowane addini kuma suka ƙaru daga kashi 16 zuwa 29.

Nasara

A 2014 Pew ta karanta wa mutane a ƙasashe 44 wata magana, cewa nasara a rayuwa ta dogara ne ga abubuwan da suka fi ƙarfin mutum. Kashi 57 na Amurkawa suka ƙi amincewa, alhali matsakaicin ƙasashen kashi 38 ne. Kashi 73 kuma suka ba aiki tuƙuru maki mafi girma a matsayin hanyar ci gaba. Wannan ra'ayi yana tasiri a siyasa. A 2011, kashi 58 na Amurkawa sun ce gara gwamnati ta bar kowa ya nemi na kansa, yayin da kashi 64 na Faransawa da 62 na Jamusawa suka fi son ta tabbatar babu wanda ya tagayyara.

Ibada da dogaro da kai ba su cin karo a tunanin Amurkawa da yawa. Masani Bajamushe Max Weber ya bayyana a 1905 yadda wasu ɗariƙun Kiristoci na Furotesta suka ɗauki sana'a da tsimi a matsayin bauta. A ƙarni na 20 masu wa'azi irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin suka yaɗa koyarwar cewa imani na kawo wadata da lafiya, koyarwar da ta iso Najeriya ta hannun fastoci kamar Benson Idahosa na birnin Benin.

Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne ko alƙaluma sun goyi bayan wannan yaƙini, kuma a gaskiya ba su goya sosai ba. Binciken masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa ya nuna cewa a Amurka, idan aka kasa jama'a gida biyar bisa kuɗin shiga, cikin yara 100 da aka haifa a gidan ƙasa, kimanin 7 ko 8 ne ke kaiwa gidan sama. A Kanada adadin ya kusa ninka haka. Sun kuma gano cewa kusan kashi 90 na Amurkawan da aka haifa a 1940 sun fi iyayensu samun kuɗi, amma cikin waɗanda aka haifa a 1980, rabi ne kawai suka yi hakan.