Barack Obama a majalisar dattawan jihar Illinois, 1997 zuwa 2004

Barack Obama, wanda ya shugabanci Amurka daga 2009 zuwa 2017, ya fara riƙe kujerar zaɓe ne a matsayin sanatan jiha, inda ya wakilci mazaɓa ta 13 a majalisar dattawan jihar Illinois daga Janairun 1997 zuwa Nuwamban 2004, a ƙarƙashin jam'iyyar Dimokurat. Mazaɓar tana kudancin birnin Shikago, ta haɗa da unguwar Hyde Park inda yake zaune. A duk tsawon waɗannan shekaru bai daina koyar da dokokin tsarin mulki a Jami'ar Shikago ba, domin majalisar, wadda ke taruwa a Springfield babban birnin jihar, ba ta zama shekara cur.

Muƙamin

Mai karatu a Maraɗi ba shi da irin wannan kujera a gida. Majalisar dokokin Nijar, kafin juyin mulkin 2023 ya rushe ta, guda ɗaya ce a Yamai, gwamnan jiha kuma naɗa shi ake yi daga can. Tsarin mulkin 2009 na zamanin Tanja Mamadu ya tanadi majalisar dattawa, amma juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 ya zo kafin a kafa ta. A Najeriya ma, jiha irin Katsina majalisar dokoki ɗaya gare ta, sanatocinta uku kuwa a Abuja suke zama. A Amurka kowace jiha, in ban da Nebraska, tana da majalisu biyu nata na kanta, masu tsara dokokin haraji da makarantu da ƴan sanda da hukuncin laifuffuka a cikin iyakarta. Majalisar dattawan Illinois tana da kujeru 59, kuma dabam take da majalisar dattawan tarayya ta Washington, inda kowace jiha ke da sanata biyu.

Shigarsa

Mai kujerar kafin shi, Alice Palmer, ta tafi neman majalisar wakilan tarayya a 1995, ta kuma goyi bayan Obama ya gaje ta. Da ta faɗi a zaɓen fid da gwani, sai ta so ta komo kan kujerarta, shi kuwa ya ƙi janyewa. Mutanensa suka bi takardun sa hannun magoya baya da doka ta wajabta wa kowane ɗan takara, suka ƙalubalanci ingancinsu, har aka rasa adadin da ake buƙata a takardun Palmer da na sauran masu neman kujerar. Ta haka ya tsaya shi kaɗai a jam'iyyarsa a 1996, ya ci babban zaɓe cikin sauƙi. Abin da ya yi bai saɓa wa doka ba, amma ya bar masa tabo a wurin wasu dattawan siyasar baƙaƙen fata na Shikago, waɗanda suka daɗe suna yi masa kallon baƙo mai gaggawa.

Shekarun adawa da kayen 2000

Shekaru shida na farko ya yi su ne a ɓangaren marasa rinjaye, domin majalisar tana hannun ƴan Rifablikan. Wanda ke wannan matsayi ba ya fitar da doka sai da yardar abokan hamayya, kuma a nan ne ya koyi lallashi da sassauci. Yana cikin waɗanda suka tsara dokar ɗa'a ta 1998, wadda ta taƙaita kyaututtukan da masu neman alfarma ke ba ƴan majalisa, ta kuma hana amfani da kuɗin yaƙin neman zaɓe don biyan buƙatun kai. An sake zaɓensa a shekarar.

A 2000 ya yi kuskuren lissafi mafi girma a siyasarsa: ya nemi karɓe kujerar majalisar wakilan tarayya daga hannun Bobby Rush, tsohon jigon ƙungiyar Black Panther mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata, mutumin da mazaɓar ta san shi tun yana saurayi. Ana cikin takarar, a Disamban 1999, aka kaɗa ƙuri'a kan wata dokar taƙaita bindigogi yana Hawaii da iyalinsa, ƴarsa ba ta da lafiya, abokan hamayya kuwa suka yi ta yamaɗiɗi da rashin zuwansa. Rush ya samu kusan kashi 61 cikin 100, Obama kusan 30. Ya koma Springfield da bashi a wuyansa.

Bayan 2002

Zaɓen 2002 ya ba Dimokurat rinjaye, Emil Jones ya zama shugaban majalisar. Jones ya ɗauki Obama tamkar ɗan ɗakinsa, ya ba shi shugabancin kwamitin lafiya da walwalar jama'a, ya kuma danƙa masa manyan ƙudurori, har wasu da tsofaffin ƴan majalisa suka yi shekaru suna wahala a kansu, abin da bai yi musu daɗi ba. Mafi yawan aikin da ake ambaton sa da shi a wannan majalisa an yi shi ne a 2003.

Wanda ya fi nauyi shi ne dokar ɗaukar bidiyon tambayoyin da ƴan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai. Asalin matsalar tsohuwa ce: an sami mutum 13 da aka yanke wa hukuncin kisa a jihar, daga baya aka wanke su, har gwamna George Ryan ya dakatar da zartar da hukuncin a Janairun 2000. An kuma daɗe ana zargin wasu ƴan sandan Shikago da tilasta wa tsararru amsa laifi ta hanyar azaba. Ƙungiyoyin ƴan sanda da masu gabatar da ƙara sun ƙi ƙudurin tun farko. Obama ya yi ta zama da su yana gyara sassansa, yana nuna musu cewa faifan da zai kare wanda aka tsare shi ne kuma zai ƙarfafa hujjarsu a gaban alƙali. Ƙudurin ya wuce majalisar dattawa ba tare da ƙuri'ar adawa ba. A shekarar ce kuma aka zartar da dokarsa mai wajabta wa ƴan sanda rubuta launin fatar direbobin da suka tsayar, domin a gane ko ana ware wani jinsi.

Masu sukarsa sun fi kafa hujja da cewa kusan sau 130 ya kaɗa ƙuri'ar "ina nan", wadda ba i ba ce ba kuma a'a ba, wasunsu a kan batutuwa masu zafi kamar zubar da ciki. Magoya bayansa sun ce dabara ce sananniya a majalisar, wani lokaci ma da shawarar jam'iyya ake yin ta. Batun ya sake tasowa a takararsa ta shugaban ƙasa a 2008.

Tafiyarsa

Yana sanatan jiha ya yi jawabin adawa da yaƙin Iraƙi a Shikago ranar 2 ga Oktoban 2002, haka kuma jawabinsa na babban taron Dimokurat a Boston cikin Yulin 2004. Ya ci kujerar majalisar dattawan tarayya a Nuwamban 2004 da kusan kashi 70 cikin 100 a kan Alan Keyes, ya ajiye kujerar jiha a watan. Kwame Raoul ne ya gaje shi a mazaɓa ta 13, wanda ya zama babban lauyan gwamnatin Illinois a 2019.