Waiwaye: Iri Ne Ko Wuri Ne? Tsohuwar Tambaya a Kan Alkama

Manoma biyu za su sayi irin alkama ɗaya, wannan ya cika rumbu, wancan ko kuɗin taki bai mayar ba. Laifin iri ne ko na gona? Tambayar nan ta daɗe tana yawo a Samaru ta Zariya, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, kafin cibiyar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Alkaki da gurasa sun shaida. Kakanninmu a fadama suke nomanta da jigo, doguwa ce, tana jin taki sai ta kwanta. Aka magance wannan daga nesa: Norman Borlaug, masanin aikin gona ɗan Amurka da ke aiki a Meziko, ya aurar da irin can da jinin Norin 10, wata gajeriyar alkama ta Japan. A cikin zuriyar akwai Siete Cerros ta 1966, wadda har nan ta iso.

Ya yi nasara da wuri ne don tsayin kara hali ne da ake gada sosai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka kwanakin fitar zangarniya da nauyin ƙwaya, wanda ma'aikata ke ƙirga dubu su ɗora a sikeli. Yawan amfani kuwa, nan gizo ke saƙar. Ƙwayoyin gado masu yawa ne suka yi tarayya a kansa, kuma ruwa da taki da sanyi kowa na da ta cewa. Shi ya sa mai bincike ba ya yarda da kyan zangarniya a fili ɗaya. Sai ya maimaita shuka a tashar gwajin noman rani ta Kadawa da ke jihar Kano da wasu wurare, shekara da shekara, kafin ya ware rabon iri daga rabon wuri.

Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, an ruga noman rani. A ganina an raina hunturu. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba ya samu sanyi. Wanda ya kai Janairu, zafin Maris ke riskar ƙwayar tana ɗaukar madara, ta yamushe.

Yanzu ragamar binciken alkama tana hannun cibiyar Tafkin Chadi da ke Maiduguri, kuma abin da ake farauta shi ne irin da zai jure wannan zafi.