Dokar da ta sa fitilar taya a motarka

Da yawa daga cikin motocin Kwatano da ke yawo a Sakkwato suna da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a dashbod, mai kama da tulu da alamar motsin rai a ciki. Doka ce ta kawo ta.

A shekarar 2000, bayan tayoyin Firestone sun yi ta fashewa a motocin Ford Explorer har aka rasa rayuka, majalisar Amurka ta yi dokar TREAD. Daga Satumban 2007, duk ƙaramar mota sabuwa da za a sayar can dole ta gargaɗi direba idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta wajabta hakan ga sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Masu ƙera mota dokar ta hau kansu, kuma ba ta tilasta musu hanya ɗaya ba, shi ya sa na'urar ta kasu biyu.

Ta farko tana auna iskar kai tsaye. A cikin kowace taya, jikin bawul, akwai 'yar na'ura mai batir da ke aika wa motar saƙo. Batirin kan yi shekara 5 zuwa 10, don haka motar 2008 da wuya nata bai mutu ba. Idan fitilar ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, na'urar ce ta samu matsala. Kuma ka gaya wa mai faci tana ciki kafin ya zura ƙarfe, don nan ake yawan karya ta.

Ta biyu ba ta auna iska. Juyawar tayoyi take ƙirgawa ta na'urar birkin ABS, domin tayar da ta yi laushi ta fi saurin juyawa. Sai an sake saita ta duk lokacin da aka ba da iska.

Abin da ya fi damuna shi ne kashi 25 ɗin nan. Idan takardar jikin ƙofar direba ta ce 32, fitilar tana iya yin shiru har iska ta sauka 24. Taya mai laushi zafi take tarawa, ga lodi, ga kwaltar hanyar Illela a watan Afrilu. Ka sa geji da safe, kafin motar ta yi tafiya.